Yadda Na Zama Idon Tulgan a Fadamar Shanye-Sawu

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda ya sa harshe guda a bakin kowa, ya kuma rarraba maganar da ke fita daga cikinsa har ta wuce ƙidaya. Ni ne Nomau ɗan Gajere marini, mutumin Kukar Zaure. Na bar gida ina da shekara goma sha bakwai, na dawo ina da ashirin da shida, ga kuma abin da na tarar.

Na tarar kukar da garin ya ci sunanta ta faɗi ta ruɓe, awaki na hawa kututturenta. Mahaifina ya rasu shekara huɗu ke nan, kabarinsa ya baje, sai da yayana Sallau ya yi ta dube-dube kafin ya nuna mini wani wuri ya ce, "Nan ne, ina jin." Karofinmu mai rami bakwai ya koma huɗu, ukun an cike su da shara. Kasuwa ta tashi daga Laraba ta koma Asabar. Ƙanwata Tabawa da na bari tana tallan ƙuli-ƙuli yanzu 'ya'yanta uku, da suka gan ni suka ruga bayan zaninta. Abokaina sun yi tumbi, hirarsu ba ta wuce damina da ciwon baya. Inna kuwa ta ƙanƙance, tana ce mini "baƙo" da wasan da ba wasa ba ne.

Wata biyu ana tambayata me na samo. Ban samo abin da za a ɗora wa jaki ba. Abin da na samo shi ne wannan labari, kuma ba na alfahari ba ne.

Kunnena ne ya fitar da ni daga gida. Tun ina ƙarami, baƙo bai sauka a zaurenmu ya kwana uku ban kwashe rabin maganarsa ba. Da na ji fatake na zancen wani birni can bayan mafitar rana, inda ake harshe casa'in a kasuwa guda, sai zama ya gagare ni. Na bi ayari, ayari ya ƙare, na bi wani.

A Dutsen Hayaƙi na faɗa hannun wasu mutane masu toshe kunnuwansu da kakin zuma saboda rugugin dutsen, ba sa magana sai da yatsu. Suka ɗaure ni a dutsen niƙa wata biyar. Ina niƙa ina kallon hannayensu har na iya. Ranar da aka yi musu mutuwa na shafe fuskata da toka kamar yadda masu makokinsu ke yi, na je wurin mai tsaron ƙofa na yi masa ta'aziyya da yatsuna, ya buɗe mini yana hawaye. Daga nan na isa wani kogi mai gudu gabas da safe, yamma da la'asar. Na kwana shida a bakinsa ina kallon gawarwakin masu gaggawa suna wucewa suna dawowa, kafin na gane cewa da rana tsaka yakan tsaya cik na ɗan lokaci. A tsayuwar nan na ƙetare.

Birnin Sarmadu a kan ginshiƙan dutse bakwai yake, kowanne ya fi duk tsaunin da na taɓa gani tsawo, ƙarƙashinsu tafki ne baƙi wulik. Gadojin igiya ne suka haɗa unguwanni. A can na ga masu magana da fito, da masu buga ƙirji, da waɗanda ba sa furta kalma sai sun juya wa mutum baya. Birni irin wannan ba ya rayuwa sai da tafintoci, wato masu tsayawa tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna. Suna da gida nasu, shugabarsu kuwa wata tsohuwa ce mai ido kamar na shaho, sunanta Ladiram. Ta saurari harsunan da na zo da su, ta ce, "Kunnenka ya yi. Bakinka ne ban sani ba tukuna."

Shekara biyar na yi a hannunta. Ina ce mata Iya, tana ce mini ɗan nan.

"Ka ga indararo?" ta ce da ni ranar farko. "Ruwan da ya sauka a soro shi yake zubarwa. Ba ya ƙarawa, ba ya sha. In mutum ya ce 'ni', kai ma 'ni' za ka ce. In ya yi zagi, ka yi zagin. In ka yi wa ɗaya raɗa, ka juya ka gaya wa ɗayan abin da ka raɗa."

Suna da wata al'ada. Kafin tafinta ya fara aiki yakan ɗauki tsakuwa ya riƙe a hannun hagu. In an gama, ya tafi wata rijiya da ke tsakar gidan tafintoci ya jefa ta. Abin da ya ji ya bi tsakuwar ke nan, ba ya sake fitowa. Kuma wanda ka jefa wa tsakuwa ba ka sake tsaya masa sai shekara ta zagayo. Na tambayi Iya dalili.

Ta ce, "Tsakuwa ce ke faɗawa rijiya, ɗan nan. Kanka yana nan a wuyanka."

A shekarata ta biyar, wata rana da hantsi aka aiko daga wurin mai maganin ido ana neman mai jin harshen Mutanen Kyauro, mazauna bakin fadama. Mu biyu ne kaɗai muka iya shi a gidan, ni da wani dattijo Gwazal. Gwazal ba ya nan, na tafi.

Na tarar da wani dogon mutum mai furfura, ƙafafunsa kamar saiwar itace, ya dafa wata sanda da aka yi wa zobban tagulla. Sunansa Tulgan. Ko ni baƙo na san sunan, don shi ne babban jagoran Fadamar Shanye-Sawu, wadda ake kwana goma sha huɗu kafin a ƙetare ta. Mai magani ya zaunar da shi inda rana ke saukowa ta wata kafa a rufi, ya buɗe masa fatar ido ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Gaya masa ba yanar ido ba ce, da na cire. Jijiyar ce ke mutuwa. Yanzu ma launi ya fara ɓace masa. Kafin ruwa ya ɗauke ba zai bambance rana da inuwa ba."

Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa. Tulgan ya soma shafa zobban sandarsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Talatin da tara ne. Kowane zobe ƙetarewa guda. A wurinmu, jagoran da ya cika arba'in, gidan jagora ya zama nasa da matarsa har su mutu. Wanda idonsa ya mutu kafin nan, a karɓe sanda, a karɓe gida. Ni da Ilma ba mu da ɗa. Ina za ta?"

Sai ya yi kuka, irin kukan manyan maza da ba ya da sauti. Na juya maganar har da tambayar, mai magani ya sunkuyar da kai. Na koma gida na jefa tsakuwa, na ji ƙararta a ruwa.

Bayan kwana ashirin wani madugu mai suna Karbasu ya sauka a birnin da mutum arba'in da uku da jakuna sittin, yana neman ƙetare fadamar. Ya nemi Tulgan, ya kuma nemi tafintan da zai bi su, don a ayarinsa ma harshe uku ake yi. Iya ta ba Gwazal aikin.

Ni kuwa na daɗe ina jin cewa a bayan fadamar akwai wani harshe da babu tafintan Sarmadu da ya taɓa koyo. Ƙafata ta soma ƙaiƙayi. Na saci jiki na je masaukin Karbasu, na gaishe shi da harshen garinsu, na ce, "Ranka ya daɗe, Gwazal gwani ne, amma gwiwarsa ba ta hawa tsani balle ta shiga taɓo." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce shi ma yaro mai jini a jika yake so.

Da Iya ta ji, ta kira ni bakin rijiya.

"Aikin Gwazal ne ka je ka zare daga hannunsa?"

"Madugun ne ya zaɓa, Iya."

"Bayan ka je ka zaɓar masa. Wannan ɗaya. Na biyu, tsakuwar Tulgan ko jiƙewa ba ta gama yi ba. Ban tambaye ka abin da ke cikinta ba, ba kuwa zan tambaya ba. Amma na ga fuskarka ranar da ka jefa ta. In akwai abin da ya dame ka, je ka sami mutumin kai da shi, ka roƙe shi ya faɗa da bakinsa. Sannan ka dawo ka zauna."

"In na janye yanzu za su yi zargi."

"Su yi mana. Kai dai tafiyar kake so, ɗan nan, kada ka yi mata ado."

Ban je wurin Tulgan ba, ban kuma zauna ba.

Ranar ƙulla magana aka taru a dandalin fatake. Na hau dutsen da tafinta ke tsayawa, Karbasu a damana, Tulgan a haguna. Da Tulgan ya ji muryata sai na ga yatsunsa sun damƙe sandar. Aka yi zancen ruwa da guzuri da ranar tashi. Daga ƙarshe Karbasu ya miƙa hannu aka zuba masa gishiri a tafi, don haka fatake ke rantsar da jagora.

Ya ce, "Tambaye shi, idonsa lafiya? Ka tuna masa dokar hanya. Wanda ciwo ya kama a tafiya, mu ɗauke shi a jaki mu kai shi gida da girma. Wanda ya san ciwonsa ya lashi gishiri a kan ƙarya, inda aka gane shi nan ake barinsa."

Na juya. Tulgan ya lashi gishirin ya amsa. Ni kuma na fuskanci mutum arba'in da uku na ce da muryata, "Idona lafiya lau. Ina hango ƙwai a cikin tsuntsuwa tana sama."

Aka yi dariya. Ƙanen madugun, wani mutum mai fara'a da jar hula, Haddi, ya bubbuga kafaɗata ya miƙo mini dabino. Na ci.

Shanye-Sawu ba ta da hanya. Fili ne na ciyawa har iyakar gani, duk kore, duk luf-luf, kuma in ka ɗaga ƙafa, kafin ka waiwaya sawunka ya cike. Wani wurin ƙasa ce mai ƙarfi, wani wurin ɓawo ne kawai a kan taɓon da babu wanda ya san ƙarshensa. Bambancin yana bakin ciyawa: mai jan baki a kan ƙasa take, mai shuɗin baki a kan ɓawo.

Da muka shiga, Tulgan ya ce ba tare da ya juyo ba, "Kai da ka sani, matso kusa. Hancina da tafin ƙafata sun san rabin hanyar. Sauran rabin launi ne. Me ke gabanmu?"

Na ce, "Ja a dama, shuɗi a hagu."

Ya ɗaga sanda ya nuna dama kamar shi ya gani.

Haka muka yi kwana takwas. Ina gaya masa launi da harshensa a gaban kowa, muna yi kamar hira. Karbasu kan ce, "Me kuke cewa?" In ce, "Sunan wancan tsuntsun na tambaye shi." Gobe in ce zancen abinci ne. Jibi in ce labarin ƙuruciyarsa yake ba ni. Ƙaryar ta zame mini kamar numfashi.

Mun ga abubuwa a fadamar nan. Mun ga kwaɗi masu girman maraƙi suna kuka kamar jarirai, har wani ɗan alaro, cikin masu dakon kayan ayarin, ya ajiye kayansa zai je ceto, sai da aka riƙe shi. Mun wuce wani wuri da ruwa ke tafasa ba wuta, jakuna suka ƙi tafiya sai da aka ɗaure musu fuska. A kwana na shida, rana tsaka, Tulgan ya tsaya cak ya daka tsawa, "Kowa ya kwanta! A kwantar da jakuna!" Na maimaita da harshe uku. Muna kifewa cikin laka wasu tsuntsaye suka sauko, fiffiken kowanne ya kai rumfar kasuwa, suka share saman ciyawa suka ɗauke jakuna biyu da suka ƙi kwanciya. Kunnensa ne ya ji su, na sani. Amma Haddi ya tashi yana share laka yana cewa, "Wallahi tsohon nan da gaske yake! Ni ko ɗigo ban hango ba." Daga ranar suka riƙa kiransa Mai Ido. Ni kuma na soma gaya wa kaina cewa dabarata ta yi, kowa zai tsira.

A kwana na tara da hantsi faɗa ya ɓarke a bayan ayari tsakanin 'yan alaro da masu kora jakuna a kan wata salkar ruwa da ta fashe. Ba sa jin harshen juna, har an zare wuƙaƙe. Karbasu ya aiko a kira ni. Aikina ne, shi aka ɗauke ni in yi.

Tulgan ya kama wuyan hannuna ya ce a hankali, "Kada ka daɗe."

Da ya tsaya ya jira ni, da sun tambayi dalili. Bai tsaya ba. Haddi ya maye gurbina a gefensa yana rera waƙa, yana jan jakuna uku.

Ina tsakiyar raba faɗan na ji waƙar ta yanke. Shanye-Sawu ba ta yin ƙara in tana haɗiya. Da na iso da gudu, jakunan sun riga sun tafi, Haddi ya nutse zuwa ƙirji, Tulgan na tsaye taku biyu daga gare shi yana laluben iska da sanda ta wajen da ba nan yake ba. Aka jefa igiya ta gaza, aka ƙulla wata, kafin nan hannayensa sun shige. Yana ta cewa, "Yaya, ba komai, ku ja a hankali," har laka ta cika masa baki. Hularsa kaɗai aka janyo da ƙugiya.

Karbasu bai yi kuka ba. Ya sa aka koma wani ɗan tudu, na uku a hanyar. Ya tsaya taku biyar gaban Tulgan, ya ɗaga jar hular.

Ya ce da ni, "Tambaye shi me ke hannuna. Tambayar kaɗai. In na ji ta yi tsawo, ka bi Haddi."

Na tambaya. Tulgan ya ƙura ido ya daɗe, sannan ya amsa.

Na ce, "Ya ce gora ce."

Sai Tulgan ya ci gaba, ni kuma ina juyawa: "Hasken ruwan jiya ne ya buge ni. Da safen nan na tashi da hazo, na zaci zai washe. Na yi kuskure da ban faɗa ba."

Na ga wasu suna gyaɗa kai. Wani dattijo cikin masu jakuna ya ce, "Yana faruwa, Madugu. Mutumin da ya hango tsuntsayen nan kwana uku da suka wuce ai ba makaho ba ne. Ciwon hanya ne, a ɗora shi a jaki."

Karbasu ya juyo gare ni. Ya zare wuƙa ya ɗora sanyinta a maƙogwarona.

"Kwana tara kuna ƙus-ƙus. Tsuntsaye nawa ne a fadamar nan da sunansu bai ƙare ba? Kai ɗan marina, me kuke cewa?"

Ina so in ce na yi jinkiri. Ban yi ba. Na faɗi zancen launi. Na faɗi ɗakin mai magani da kafar rufinsa, da jijiya, da kwana ashirin. Ya riga ya sauke wuƙar amma bakina bai tsaya ba: na faɗi zobba talatin da tara, na faɗi sunan matarsa, na faɗi har kukan da ya yi. Tulgan ba ya jin harshen, amma ya ji "Ilma" a tsakiyarsa.

Ya ce, "Ka shiga rijiya ke nan."

Wannan ban juya wa kowa ba.

Suka bar masa gora guda da sandarsa. Muna haɗa kaya ya miƙe ya ɗaga murya, ya ce, "Tafinta! Akwai sauran aiki. Hau dutsenka."

Na tsaya tsakani.

"Gaya musu: rabin yini daga nan hanya za ta rabu. A dama akwai fili busasshe mai kyan gani, ɓawo ne, kada su taka. A hagu akwai baƙin ruwa mai wari, su shiga har ƙugu, ƙasansa dutse ne. Su bi shi kwana biyu, daga nan ciyawa duk ja ce."

Na juya kalma da kalma, ban ƙara ba, ban rage ba. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamarsa ba.

Karbasu ya yi wata dariya marar daɗi. "Makahon da na bari ya mutu yana ce mini in shiga ruwa, ta bakin wanda ya yi mini ƙarya kwana tara. Ko shi yake ramuwa, ko kai kake juyawa. Ta ina zan sani?"

"Ranka ya daɗe, wallahi abin da ya faɗa ke nan."

"Haka ka ce a kan gishiri."

Tulgan ya sake kira, wannan karon ni kaɗai. "Saura ɗaya, na Ilma. Ka je ka tsaya gaban dattawanmu ka ce na kai tudu na uku. Ya wuce rabi, kuma a wurinmu wanda ya mutu bayan rabi an ƙidaya masa ƙetarewa. Arba'in ta cika, kada su taɓa gidan. Sai da shaidar wanda ya gani suke karɓa. Za su tambaye ka yadda aka yi, ka faɗa duka, na sake ka. Ka ji?"

Na ce na ji. Aka tura ni gaba da gindin mashi. Da na waiwaya yana zaune, fuskarsa na kallon inda ba mu bi ba.

Da la'asar muka iso inda hanya ta rabu, kamar yadda ya faɗa. Na roƙi Karbasu, na kama ƙafarsa, ya shure ni. Shi da mutum talatin da shida suka hau busasshen filin. 'Yan alaro shida suka tsaya tare da ni, ba don sun yarda da ni ba, sai don ranar ba a ba su ruwa ba suna fushi. Ayarin ya yi nisa kamar jifa uku, har mun soma jin kunya, sai filin ya lotsa daga tsakiya a hankali, kamar an danna fai-fai. Mutane da jakuna suka zurara ciki. Dattijon nan da ya nema wa Tulgan jaki shi ne na ƙarshe da na gani.

Na ce mu koma mu ɗauko Tulgan. Muka juya, babu sawu ko ɗaya, ko'ina kore. Mun yi yini muna kewaye muna kiran sunansa, kwaɗi na amsa mana. Sannan muka shiga baƙin ruwan. Ƙasansa dutse ne.

Harshen da na bar komai dominsa, na same shi a bayan fadamar. Na zauna wata bakwai a cikin masu shi, ban riƙe ko gaisuwarsu ba. A can wani bafatake da ya zagayo ta hanyar tsaunuka ya ba ni labarin Sarmadu: 'yan alaron sun kai magana, kuma tun daga lokacin Mutanen Kyauro suka daina zuwa wurin masu magani, sun gwammace su mutu da ciwonsu a ɗaki da su faɗe shi gaban tafinta. An rufe gidan Iya Ladiram wata uku. Ya kuma gaya mini, bai san da wa yake magana ba, cewa hukuncin wanda ya fito da abin da ke rijiya shi ne a tsaga masa harshe biyu a bakin rijiyar, kuma ana jiran yaron. Ƙauyen Mutanen Kyauro a bayan ginshiƙan birnin yake, ba a isa can sai an bi ta ƙofar birnin.

Shi ya sa na bi ta arewa na yi shekara biyu ina kewaye har na faɗo gida, da saƙon Tulgan a bakina.

Jiya da safe ina zaune a bakin karofi ina ɗinke takalmina, Sallau ya tsaya a kaina, hannunsa shuɗi har gwiwa.

"Malam mai harsuna, wannan ɗinkin na zuwa gona ne ko na iskanci?"

"Na tafiya ne, Yaya."

"Na sani ai. Rami uku na nan a cike suna jiran mai haƙa, kai kana shirin kai wa wata tsohuwa saƙon da ya shekara uku. In sun kore ta fa? In ta mutu?"

"Sai in faɗa wa dattawan, su san sun kori mai gida."

"Su yarda da kai?"

Ya yi tsaki ya wuce, amma da azahar na tarar ya ajiye mini sabon bargo a bakin ɗaki, wanda ya rina da hannunsa.

Inna ba ta ce komai ba sai yau. Ta daka dakuwa ta ɗaure a tsumma, ta zuba garin gero a burgami, tana yi tana juya mini baya. Na gaya mata labarin tun makon jiya, ban ɓoye mata zancen hukuncin ba.

Ta ce, "Baƙo."

"Na'am, Inna."

"In suka tare ka a ƙofar birnin, kafin ka kai wurin matar?"

"Zan roƙi Iya Ladiram yini guda. In ta hana, in faɗa mata saƙon a gaban jama'a, Gwazal ya kai."

"Wanda ka ƙwace wa aiki."

"Shi."

Ta ƙulle bakin burgamin ta ja da haƙori, ta miƙo mini ba ta dube ni ba.

Ta ce, "To zauna tukuna. Yi mini hira da Hausa har rana ta yi sanyi, in ji muryarka da kyau. Ayarin da za ka bi ai sai la'asar zai tashi."